Goggon 'Yan Ƙwaya

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Goggo ta rasu da hantsin wata Laraba, ana cikin yankan gero, a ɗakinta da ke bayan tashar mota ta Kaura Namoda. Yayar mahaifina ce. Ita ta yaye ni, a bayanta na yi wayo, kuma ni na rufe mata ido.

Kafin a gama yi mata wanka gida ya cika. Dangi sun zo daga Kurya Madaro, inda aka haife ta. Na Zurmi, inda ta yi zaman aure, kaɗan ne suka iso, domin hanya ba ta biyuwa a ranar, sauran ta waya suka yi gaisuwa. Ina zaune a tsakar gida cikin mata, ina amsa gaisuwa har bakina ya gaji, sai na ji wata maƙwabciya ta sunkuya wajen ta kusa da ita tana magana ƙasa-ƙasa.

"Allah shi jiƙanta, mutuniyar kirki ce. Amma dai unguwa ta huta da mashaya."

Ɗayar ta ce, "Ke dai bari. Ga su can sun cika bakin hanya."

Na tashi kamar zan kai ruwa zaure, na leƙa. Samari ne, 'yan kabu-kabu da 'yan dako da masu wankin mota, sun jera baburansu a gindin dalbejiya, can nesa da tabarmin manya. Ba wanda ya ce su matso, su ma ba su matso ba. Ƙafafunsu duk jar ƙasa. Daga baya Baba ya gaya mini cewa ko da ya tura mutane makabarta, sun tarar an gama haƙa kabari. Su ne suka haƙa, ba tare da kowa ya sa su ba.

Da la'asar wata tsohuwa ta shigo, ba wanda ya san ta. Ta durƙusa a gabana ta ce daga Galadi take.

"Ban taɓa ganin marigayiya ba, ɗiyata," in ji ta. "Amma yaron da yak kawo ni bisa babur, shi kaɗai yar rage min. Da ba don Allah ba da ita, da tun bara munka rufe shi."

Ta yi addu'a, ta sha ruwa, ta tashi, don tana son su wuce daji kafin rana ta faɗi.

Tun daga ranar nake jin labarin Goggo iri biyu a bakin mutane. Ina tsoron nan gaba abin da zai rage shi ne sunan da aka laƙaba mata don a ɓata ta, wato Goggon 'yan ƙwaya. Shi ya sa na ga gara in faɗi abin da idona ya gani.

Gajeriya ce baƙa, mai murya kamar ta namiji. Koko da ƙosai take sayarwa a wata rumfar kara a bayan tasha, da rana kuma ta dama fura. Ba ta iya rarrashi ba. In kika je mata da kuka sai ta dube ki ta ce, "Kuka ba shi kashe gobara, miƙo guga." In kuwa za ta yi wa mutum faɗa, sai ta fara cika masa kwano. Takan ce zagi ya fi shiga cikin da ba ya jin yunwa.

Kaura ba garinta ba ne. Ta zo ne shekarar da 'yan bindiga suka ƙone ƙauyensu a ƙasar Zurmi, suka kashe mijinta a gona. Ta iso da ƙunshin kaya a ka da autanta biye da ita, saurayi ne a lokacin. 'Ya'yanta mata suna gidajen aurensu. Baba ya samar mata ɗaki, ya taimaka wa Auta ya fara kabu-kabu.

Auta ya riƙa ɗaukar fasinja daga Kaura zuwa Shinkafi, wani lokaci har Galadi, hanyar da masu mota suka daina bi. A nan ya koyi shan ƙwayar tiramol. Bai ɓoye wa uwarsa ba. Na taɓa jin su suna yi, tana soya ƙosai yana ɗaure kaya a babur.

"Auta, wagga aba da kaka haɗiya za ta kashe ka."

"Inna, na san awona. Ba ni wuce shi. Waɗanda kika ji sun mutu, haɗama ta kashe su."

"Su ma haka sunka ce."

"To ki ba ni abin da zan sha in bi ta dajin can hannuna bai rawa."

Ta juya ƙosai.

Wata rana aka biyo su da harbi, ya faɗi da babur, ƙafa ta karye. Ya yi damina guda a kwance a ɗaki, mai ɗori yana zuwa, Goggo na tsaye a kansa, ko ƙwaya ɗaya ba ta shiga gidan ba. Ya yi gumi, ya yi amai, ya yi zage-zage, har abin ya sake shi. Ya yi ƙiba, fuskarsa ta washe. Goggo ta dafa shinkafa ta raba sadaka.

Ranar da ya fara komawa tasha abokansa suka yi murnar ganinsa. Ya sha daidai abin da ya saba sha kafin ya karye, ya bi da ruwan maganin tari da wani ya miƙo masa. Ya ce zai ɗan kishingiɗa a wani kango da suke hutawa. Sun ji shi yana minshari, suka yi dariya suka ce Auta ya sha daɗi. Da azahar suka taɓa shi bai motsa ba. Wani ya ɗura masa madara, wani ya kwara masa ruwa. Ba wanda ya kai shi asibiti, kowa na tsoron a riƙe shi a ce shi ya ba shi. Sai da jikinsa ya yi sanyi suka aiko a gaya mana.

Mun ɗauka Goggo za ta tsine musu. Bayan addu'ar bakwai ta ɗaura gyale ta tafi kangon da kanta, ni ina biye da ita don ina tsoron abin da za ta yi. Suna ganinta suka miƙe za su watse.

"Ku zamna," in ji ta. "Ban zo da hukuma ba. Ku hwaɗa min abin da kunka gani, tun daga farko, kada ku rage komi."

Suka faɗa mata, kawunansu a ƙasa. Ta yi ta tambaya kamar mai sayen akuya. Nawa ya sha? Da ma haka yake sha? Minsharin wane iri ne? Leɓensa wane launi ya koma? Daga nan ba ta zarce gida ba, sai ɗakin wata nas da ke haya a layinmu. Ta zayyana mata komai, ta ce ta gaya mata gaskiya, da ana iya ceton shi? Nas ɗin ta ce da an kawo shi da wuri, wataƙila. Ta ce jikin da ya daɗe bai sha ba yakan manta, abin da da yake ɗauka sai ya fi ƙarfinsa. Ta ce wancan minsharin numfashi ne ke ƙoƙarin ɗaukewa, kuma madarar da aka ɗura masa ba cikinsa ta tafi ba.

Goggo ta dawo ta zauna a bakin gado. A ranar na ga hawayenta.

"Ashe ni na rage mai ƙarfi," in ji ta. "Na tsare shi damina guda, na sake shi ban san abin da zan hwaɗa mai ba."

Bayan arba'in ta koma rumfa. Ta sa aka ƙara mata kara ta baya, ta shimfiɗa tsofaffin tabarmi, ta aika wa samarin kango cewa duk wanda ya sha abinsa ya zo nan ya kwanta inda idonta zai gan shi. Ba ta yarda a sha a gabanta ba, ba ta yarda a sayar ba. Wani dillali da ya gwada raɓawa, da ludayin koko mai zafi ta kore shi. Amma wanda ya riga ya sha, ba ta mayar da shi.

Dokokinta kowa ya haddace su, don kullum sai ta maimaita. Kada mutum ya sha shi kaɗai ya kulle ƙofa. Kada a haɗa ƙwaya da ruwan kwalba, wato maganin tari. Wanda ya dawo daga jinya ko daga tsare, kada ya ce zai ɗora daga inda ya tsaya. Wanda ya kwanta, a kan haƙarƙari zai kwanta, ba rigingine ba. Tana cikin zuba koko sai ka ga ta miƙa ƙafa ta zunguri wani. In ya yi tsaki ta ce madalla. In bai motsa ba ta ajiye ludayi.

Nakan je taya ta aiki, don gidan aurena ba nisa, kuma a nan na ji yadda suke kallon abin. Ba jahilcin mutuwa gare su ba, sun fi kowa ganinta. Kowannensu dai yana da dalilin da ya sa ba shi za ta ɗauka ba. Akwai wani ɗan dako, ƙato, mai sauke buhunan hatsi, wanda ya fi kowa baki.

"Goggo, ni jikina ya saba. Abin da zai kada wanga yaro, ni ko hamma ba shi sa ni."

Wani ya ce shi launin kwanso yake dubawa, ya san mai ƙarfi da marar ƙarfi. Wani ya ce in sabuwa ta shigo kasuwa ba ya fara sha, sai ya ga yadda ta yi da wasu. Wani ya ce shi yakan ci tuwo ya ƙoshi tukuna. In kuwa aka ce wane ya mutu, nan take za su samo abin da ya bambanta su da shi: ai jabu aka sayar masa, ai da ma yana da ciwo, ai kwanansa ne ya ƙare.

Goggo takan ce, "Kwana na hannun Allah, gaskiya ne. To don mi in ka ji harbi kaka gudu?"

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne ɗan kabu-kabun nan na Galadi, wanda daga baya ya kawo uwarsa gaisuwa. Shi ba ya cika baki. Wata rana da Goggo ta matsa masa ya ce:

"Goggo, na san tana kisa. Na ɗauki gawar abokina da hannuna. Amma ita sai wata rana za ta kashe ni, hanya ko yau. In ban hita ba, tsohuwata ba ta ci. In na hita ban sha ba, ina ganin kowane kututture awa mutum da bindiga. Ke za ki zaɓa min?"

Goggo ta gyara wuta. Ta ce, "In ka dawo, nan za ka sauka kahin ka tahi ko'ina." Kuma a nan ɗin ya sauka ranar da numfashinsa ya nemi tsayawa, ta sa aka garzaya da shi asibiti.

Unguwa ba ta ji daɗin wannan ba. An ce ta mayar da bayan tasha matattara. An daina aiko yara sayen kokonta daga wasu gidaje. An kai ƙararta wurin mai unguwa. Amma wanda abin ya fi ci shi ne Baba. Mutum ne mai tsare mutuncinsa, a sahun gaba yake salla, ga shi ana nuna shi ana cewa ga ƙanen Goggon 'yan ƙwaya. Ya same ta a ɗaki, ina wurin.

"Yaya, abin ga ya isa. Kin zama inuwar masu saɓo. Wanda yat taimaki mai laifi, shi ma yana da kaso."

"Na taɓa ba wani ƙwaya?"

"Ba ki ba su ba, amma kin sa sun daina jin tsoro. Da kowa ya kore su, da sun bari."

"An kori Auta daga ko'ina sai kango. Ya bari?"

"Ki yi musu wa'azi su tuba."

"Ina yi, kullum. Amma matacce ba shi tuba, Malam. Ka bar ni in riƙe su da rai, kai ka zo da wa'azin."

Baba ya tashi ya kaɗe rigarsa. Ya ce muddin rumfar nan na tsaye ba zai ƙara taka ɗakinta ba. Haka aka yi azumi aka yi salla, 'yan uwa biyu ciki ɗaya ba mai gaida wani. Ni ce mai kai tuwo tsakaninsu. Ban ce Baba ba shi da hujja ba. Akwai ranakun da ni ma nakan duba tabarmin nan in tambayi kaina ko sauƙin da ta ba su ne ya sa ba sa bari.

Abin da ni da Baba ba mu sani ba shi ne ƙanena na cikinsu. Ya gama sakandare bai samu abin yi ba, gonarmu ta ƙauyen Ɗan Isa ba ta nomuwa saboda tsoro, sai ya shiga aikin lodi a tasha. In na zo rumfa yakan sulale. Wata rana da la'asar ina wanke kwanuka na ji ihu daga baya. Na leƙa na ga mutum a ƙasa yana ta fizge-fizge, idanu sun juye, kumfa na fita ta baki. Sai da na ga rigar na gane ƙanena ne.

Wani ya taho da cokali zai cusa masa a baki, wani ya ɓalle gwangwanin madara. Goggo ta buge hannuwansu duka.

"Ba mai sa mai komi a baki! Ku janye bencin ga. Kai, sa rigarka ƙarƙashin kainai."

Ta durƙusa, ta jira fizgar ta lafa, ta juya shi kan haƙarƙari, ta kara kunnenta a hancinsa. Ta kira ɗan Galadi ya tada babur. Aka ɗora ƙanena a tsakiya, ɗan dako ya riƙe shi ta baya. Suka tsaya suna kallon juna, na ga tsoron da ya kashe Auta a fuskarsu.

"Ku tahi!" in ji Goggo. "In an tambaya ku ce ɗana ne, ni na aiko ku. In kamu ne a zo a kama ni."

Ta hau wani babur ta bi su, zaninta duk toka.

Ya rayu. Baba ya iso asibiti ya tarar da ita zaune a dandamali. Bai gaishe ta ba.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun bara."

"Kika ɓoye min ɗana?"

"Da na hwaɗa maka, mi za ka yi?"

"In kore shi daga gidana."

"To shi ya sa."

Baba ya zauna a gefenta, ya cire hula ya riƙe a hannu. Har ta rasu bai taɓa cewa ta yi daidai ba. Amma da iskar farkon damina ta yaye rufin rumfar, shi ya aiko da kara da igiya, bai ce daga wa ba.

Kada wanda ya karanta wannan ya ɗauka ta yi nasara. Ita ba ta taɓa ɗauka haka ba. Waɗanda suka bari kaɗan ne, wasunsu ma sun koma. Ta yi zaman makokin da yawa daga cikin yaran da suka kwanta a tabarminta, domin rumfa ta rana ce, in ta tashi kowa sai ya kama gabansa. Wani a gona ya faɗi, wani a kan babur abin ya kama shi ya shiga ƙarƙashin mota. Duk wanda aka rasa sai ta yini ba ta ci ba. Ga ƙwayar kuma kullum sabuwa ake kawowa, abin da suka sani game da ta jiya ba ya yi musu amfani a kan ta yau.

Da ciwo ya kwantar da ita, ɓarin jikinta ya shanye, magana ta yi mata nauyi. Wata safiya ina ba ta kunu na ce mata Allah zai saka mata, ta ceci rayuka.

Ta girgiza kai. Da ƙyar ta haɗa kalmomin.

"Jinkiri na sama musu, ɗiyata. Na zaci kahin in gaji wani zai zo, ko likita, ko hukuma, ko zaman lahiya. Ba wanda yaz zo."

Bayan an yi mata arba'in mai filin ya karɓi wurinsa. An rushe rumfar, yanzu mai cajin waya ne a wurin. Samarin sun koma kangaye da ɗakunan haya. Kafin a gama sussukar dawa aka ɓalle ƙofar ɗan dakon nan da ya ce jikinsa ya saba. An tsare shi na ɗan lokaci a kan wani faɗa, ranar da aka sake shi ya shiga ɗaki ya sa sakata. Maƙwabtansa sun ce sun ji minshari.

Na yi tunanin in ɗora daga inda ta tsaya. Maigidana ya ce ba da aurensa ba, kuma ban ga laifinsa ba. Ba ni da muryarta, ba ni da furfurarta, ba kuma ni da gawar ɗa da za ta rufe bakin masu magana.

Ƙanena bai bari ba. Baba bai kore shi ba, amma ba ya iya haɗa ido da shi, shi kuma kunya ta sa in ya sha sai ya shige ɗakinsa na zaure ya kulle. Na roƙe shi ya riƙa barin ƙofar a buɗe, ya ce to, bai yi ba. Saboda haka kullum in na sauke tukunyar rana sai in yafa mayafi in tafi gidanmu, in tsaya a bakin ƙofarsa in buga. Wani lokaci yakan daɗe. Nakan manna kunnena a jikin ƙyauren, bakina yana salati, har in ji motsi.

Jiya na buga ya fi na kullum daɗewa. Har na juya zan kira Baba a kawo taɓarya, sai na ji muryarsa a dishe.

"Ina nan, Yaya."

"Buɗe in gan ka."

"Na ce ina nan. Ki dawo gobe."

Allah Ka jiƙan Goggo, Ka yalwata mata makwanci, Ka haɗa ta da autanta inda ba tsoro. Ka yafe mata in ta yi kuskure, Kai ne Ka san abin da ta nufa. Yaran da ta bari kuma ga su nan, ya Ubangiji, ba mai zungurinsu su farka sai Kai.